Bizar Gwanaye da Ƙasar da Ba Ta Ajiye Takarda

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa wani ofishin jakadanci ya hana 'yan wasan Afirka biza, amsar da ake ji a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta iri ɗaya ce: wariya ce, raini ne, Turawa ba sa son ganin baƙar fata a gaba. Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi. A watan Yunin 2025 an hana wasu daga cikin 'yan wasan ƙwallon kwando mata na Senegal bizar Amurka, har Firayim Minista Ousmane Sonko ya soke atisayen da aka shirya musu a can. A cikin watan ne kuma gwamnatin Amurka ta haramta wa 'yan ƙasashe 12 shiga ƙasarta, ciki har da Chadi, ta keɓe 'yan wasa da masu horar da su da za su je manyan gasa irin su cin kofin duniya da Olamfik. Ma'ana dai ana maraba da ƙafar da ke buga ƙwallo, ana ƙyamar ɗan'uwanta da zai zo kallo.

Sai dai wannan rabin labarin ne, kuma shi ne rabin da ya fi yi wa shugabannin wasanni na Najeriya daɗi, domin yana ɗora laifi a kan wanda ba za a iya tuhuma a gida ba. Ɗaya rabin ya fi ɗaci. Bizar gwanayen wasanni takarda ce da ke tambayar wata takarda, Najeriya kuwa ƙasa ce da ke haihuwar gwanaye ba ta rubuta sunayensu. Tana fitar da 'ya'yanta babu shaida, tana shigo da baƙin masu horarwa babu ma'auni. Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne yaron Gagarawa Tasha, da kocinsa, da ɗan kokawar da ke tsallako iyaka ta Maigatari.

Abin da bizar ke tambaya

Ya kamata a fara da fahimtar yadda ƙofar take. A Birtaniya, kafin wata ƙungiyar Ingila ta ɗauko ɗan ƙwallo daga waje, sai hukumar ƙwallon Ingila ta ba da shaidar amincewa cewa gwani ne, sannan ma'aikatar cikin gida ta duba batun biza. Tun Janairun 2021, bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, ana auna wannan gwaninta da maki, kuma maki 15 ake bukata. Akwai gajeriyar hanya: wanda ya buga wani kaso na wasannin ƙasarsa a cikin shekaru biyu ya wuce kai tsaye. In ƙasarsa tana cikin goman farko a jadawalin FIFA, kashi 30 cikin ɗari ya ishe shi. In tana tsakanin ta 31 da ta 50, sai ya buga kashi 70. In ta faɗa ƙasa da ta 50, kamar Nijar, wannan hanya a rufe take.

Wanda bai samu wannan ba sai ya tara maki daga mintunan da ya buga wa ƙungiyarsa, da matsayin da ƙungiyar ta ƙare, da darajar gasar da take ciki. An raba gasannin duniya rukuni shida. Na Ingila da Sifaniya da Jamus da Italiya da Faransa suna rukunin farko. Gasar Najeriya tana rukuni na shida, inda ake tara duk waɗanda ba a ambata ba. Don haka ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a Kano Pillars ko Katsina United zai iya kammala kaka guda cikin bajinta, a lissafin London ya tashi da kusan hannu rabbana.

Amurka ma haka take, da nata salon. Bizar zama ta dindindin da ake ba masu baiwa ta musamman, wadda ake kira EB-1A, tana neman ko dai babbar lambar yabo ta duniya irin ta Olamfik, ko kuma cika uku daga cikin sharuɗɗa goma: kyaututtukan da aka sani, rubuce-rubucen jaridu a kan mutum, shaidar albashi mai tsoka, shaidar cewa ya yi alƙalancin aikin wasu, da makamantansu. Kowane sharaɗi daga ciki takarda yake nufi. Jami'in biza bai taɓa tsayawa a bakin fili ya ga gudun yaro ba, kuma ba zai tsaya ba. Abin da ke gabansa fayil ne, kuma nauyin fayil ɗin yana bin nauyin hukumar da ta sa masa hannu.

Wanda ke cin moriyar giɓin

Da yake ƙofar manyan gasanni a rufe take ga wanda ya fito kai tsaye daga gida, sai aka samu zango a tsakani. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA ta Mosko a 2012, sai a 2016 ya isa Leicester a kan kimanin fam miliyan 16. Wilfred Ndidi ta Genk ta Beljiyam ya bi. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ya fara daga ƙananan ƙungiyoyin Fotugal kafin Porto ta ɗauke shi a 2020. Victor Boniface sai da ya ratsa Norway da Beljiyam kafin ya kai Jamus. Aikin da waɗannan ƙungiyoyi na tsakiya ke yi, ban da horo, shi ne samar wa yaro tarihin da aka rubuta: wasa kaza, minti kaza, ƙwallo kaza, a gasar da duniya ta yarda da alƙalumanta. Suna saye da araha, su manna masa takarda, su sayar da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin takaicin shi ne dokar FIFA ba ta manta da kocin ƙauye ba. A duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya na kuɗin cinikin, kowace daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi. A ƙaddara wata ƙungiya a Gagarawa Tasha ta riƙe yaro shekaru huɗu, daga 12 zuwa 15, daga baya aka sayar da shi a Turai a kan yuro miliyan 10. Rabonta yuro dubu 100 ne. Kuɗi ne da zai gyara fili, ya sayi takalma, ya biya koci na shekaru masu yawa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke tura irin waɗannan kuɗaɗe kai tsaye, bisa fasfon ɗan wasa na kwamfuta da ke nuna inda ya yi kowace shekara. Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar ta kasance mai rajista, yaron kuma sunansa yana cikin kundin hukuma tun a lokacin. Shekarun da ba a rubuta ba, a idon doka, ba a yi su ba.

Mai karatu ya tambayi kansa: ƙungiyoyin unguwa nawa ne a Gumel da Sule Tankarkar suka san wannan doka, kuma wace hukuma ce ta taɓa zuwa ta bayyana musu? Wanda ya saba zuwa shi ne dillali, da alƙawarin gwaji a Turkiyya ko Dubai, iyaye su sayar da gona ko sa, yaro ya tafi da bizar yawon buɗe ido, wa'adinta ya ƙare, ya zama ɗan ci-rani marar izini. Duk wanda ya tafi ta wannan hanya ya ɓata wa na bayansa suna a ofishin jakadanci, domin yawan masu wuce wa'adi yana daga cikin hujjojin da ƙasashe ke kafawa wajen tsananta biza.

Inda sakaci ya kayar da gwani

Wani zai ce wannan matsalar ƙauye ce, manyan hukumomi na Abuja sun san aikinsu. Tarihi bai goyi bayansa ba. A 2021, ana gab da fara tsere a gasar Olamfik ta Tokyo, aka hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya goma shiga fili. Ba a kama su da ƙwaya ba. Laifin shi ne ba a yi musu adadin gwajin da doka ta wajabta kafin gasa ba, kuma shirya wannan gwaji aikin hukuma ne. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta koma wakiltar Amurka, ta ci azurfa a Faris a 2024. A wannan gasa ta Faris Najeriya ba ta samu lambar yabo ko ɗaya ba, kuma Favour Ofili, wadda ita ma tana cikin goman Tokyo, ta tarar ba a shigar da sunanta a tseren mita 100 ba alhali ta cancanta. Salwa Eid Naser, haifaffiyar Anambra, ta zama zakarar duniya a mita 400 a 2019 da tutar Bahrain a kafaɗarta.

Takardar haihuwa ma ta yi nata ɓarnar. A 2016, Najeriya tana riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, aka yi wa yaran sansani gwajin ƙashin hannu don tantance shekaru, 26 suka faɗi, ana gab da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da ita. Ƙasar da ba za ta iya faɗin shekarun 'ya'yanta ba sai na'ura ta faɗa mata, da wace fuska za ta yi fushi in jami'in biza ya yi shakkar takardunta? Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da wani ofishin jakadanci ya jawo. Duk a gida aka dafa su.

Ƙofar shigowa

In aka juya ga masu shigowa, abin ya fi ban mamaki. Ingila tana auna koci kamar yadda take auna ɗan wasa: wane lasisi yake da shi, shekara nawa ya yi yana jagorantar ƙungiya, a wace gasa. Najeriya ma tana da tsari a rubuce. Mai son ɗaukar baƙo aiki zai nemi gurbi daga ma'aikatar harkokin cikin gida, baƙon ya shigo da bizar aiki, hukumar shige da fice ta ba shi katin zama, kuma ƙa'ida ce a haɗa shi da 'yan ƙasa da za su koya daga gare shi har su gaje shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar tsarin, shi ne kuma wanda aka fi watsi da shi a harkar wasanni.

Baƙon koci ba laifi ba ne. Otto Glória ɗan Brazil ne ya ciyo wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980. Clemens Westerhof ya zauna daga 1989 zuwa 1994, yana yawo filayen gasar cikin gida yana tsintar yara, ya ci kofin Afirka, ya kai ƙasar gasar cin kofin duniya karo na farko. Jo Bonfrere, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya ciyo zinare a Atlanta a 1996. Daga cikin 'yan wasan wancan zamani Stephen Keshi ya fito ya ci kofin Afirka a 2013 a matsayin koci. Wannan shi ne baƙon da ya bar iri.

A kwatanta da abin da ya biyo baya. An sallami Gernot Rohr a Disambar 2021, sai da ya kai ƙara FIFA ta umarci a biya shi haƙƙinsa. A Agustan 2024 hukumar ƙwallon ƙafa ta sanar wa duniya cewa ta ɗauki Bruno Labbadia na Jamus, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce magana ta rushe saboda batun haraji. Hukumar da ke sanar da ɗaukar ma'aikaci kafin ta gama karanta kwantiraginsa ba ta da ma'aunin da za ta gwada kowa da shi. A matakin jihohi kuwa, ɗauko farar fata kan zama ado ga gwamna a lokacin da ƙungiya ke shan kashi: a yi hoto a filin jirgi, a kama masa ɗaki a otal, bayan watanni ya tattara ya tafi, ba a san wa ya koya wa me ba. Kocin gida da ke bin albashin watanni yana kallo.

Baƙon da ke bakin ƙofa

Akwai wani rukunin baƙin gwanaye da babu wanda ke tunawa da su a wannan muhawara, alhali su ne mafi kusa da masarautar Gumel. Kokawa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, jihohi takwas suna karawa, ƙasa ta tsaya cik ana sauraro, kuma sunan zakara irin Issaka Issaka na Doso ya wuce iyakar ƙasarsa. 'Yan kokawa da 'yan dambe sun daɗe suna kai da komo tsakanin Damagaram da Kano bayan an kawar da amfanin gona, tun kafin a ja layin iyaka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su damar shigowa kwana 90 babu biza, don haka ba a taɓa damuwa da rubuta komai ba.

Wannan sassauci ya daina zama abin dogaro. An rufe iyakoki a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Maigatari. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, zirga-zirgar da ake yi yanzu tana tafiya ne bisa sanarwar wucin gadi da za a iya janyewa kowane lokaci. Ranar da aka janye ta, ɗan kokawar Magarya zai zama baƙo mai bukatar izini kamar kowa, kuma babu wata takarda a wannan gefe da ke cewa shi gwani ne. Saniyar da aka kawo kasuwar Maigatari ranar Alhamis ana yanka mata rasit. Zakaran da ya cika fili da jama'a babu mai rubuta sunansa.

Har a ƙwallon ƙafa akwai dama da ke kwance a wannan yanki. FIFA ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa, amma ta yi togaciya ga mazauna bakin iyaka: in gidan yaro bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, ƙungiyar ma haka, kuma tsakaninsu bai wuce kilomita 100 ba, zai iya yin rajista a ƙetare yana kwana gidan iyayensa, muddin hukumomin ƙasashen biyu sun amince. Gumel da Maigatari suna cikin wannan da'ira. Makarantar ƙwallo mai rajista a Gumel za ta iya renon yaran Dungas bisa doka, ta ci rabonta in sun yi nisa. An rubuta wannan togaciya da tunanin garuruwan iyakar Turai, amma babu abin da ya hana Lautai amfani da ita sai rashin mai tashi ya yi.

Masu ja da wannan magana

Za a ce jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta ba ta da sukunin rajistar 'yan ƙwallo. Amsa ita ce rajista ce mafi arha a cikin duk abin da gwamnati ke yi wa wasanni, ta fi sayen kofi da riguna masu hoton ɗan takara arha nesa ba kusa ba. Kuma takardar haihuwar da ɗan wasa ke bukata ita ce wadda ɗalibi da mai neman aiki da maniyyaci ke bukata.

Za a kuma ce gyara takardu sauƙaƙa wa Turawa kwashe yara ne. Ai ana kwasar su yanzu ma, kyauta, ta hannun 'yan damfara. Abin da rajista za ta canja shi ne wanda zai tafi ya tafi ta ƙofa, da kwantiragi, kuma wani abu ya dawo wa waɗanda suka rene shi.

Za a ce, a ƙarshe, ko an gyara komai wariya tana nan. Tabbas tana nan. Rarraba gasanni rukuni-rukuni da ke jefa kusan dukan Afirka a ƙasan kwando abin a ƙalubalanta ne, kuma aikin hukumar ƙwallon Afirka ne ta ƙalubalance shi. Amma mai zuwa gaban alƙali yana bukatar shaida, kuma hukumar da ta manta shigar da sunan 'yar tserenta a Olamfik ba ta da bakin koya wa wani adalci.

Abin da ke hannun mutanen gida

Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar masarauta ɗaya ce, kuma ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi a Abuja. Wannan ya sauƙaƙa aiki. Shugabannin ƙananan hukumomin huɗu za su iya buɗe kundi guda na ƙungiyoyi da 'yan wasa, ƙwallo da dambe da kokawa da langa, a haɗa shi da ofishin Hukumar Ƙidaya domin kowane yaro ya samu takardar haihuwa, a miƙa na ƙwallon ga hukumar ƙwallon jiha don ya shiga kundin FIFA. A rubuta sakamakon kowace gasa da sunan wanda ya ci da ranar da aka yi. Gwamnatin Jigawa ta nemi fahimtar juna da hukumomin Damagaram, ta hanyar tarayya, a kan katin shaida na 'yan wasan gargajiya da zai ci gaba da aiki ko da siyasar Abuja da Yamai ta sake dagulewa. A matakin ƙasa kuma, ma'aikatar cikin gida ta ƙi ba kowace ƙungiya gurbin baƙon koci sai ta nuna lasisinsa, da sunayen 'yan ƙasa biyu da zai horar, da shaidar cewa albashinsa da nasu yana ajiye.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar izinin London ko Washington. Biro da littafi da ma'aikaci mai zuwa ofis kawai suke bukata. Yaron da ke da shekara 12 a bana a Gagarawa Tasha zai cika 18 nan da shekaru shida, kuma abin da jami'in biza zai gani a fayil ɗinsa a ranar, ko ya tarar babu, ana yanke shi ne yanzu, a sakatariyar ƙaramar hukumarsa.